Ƙwarya Uku a Ɗakin Yayana

Daga Allah muke, kuma gare shi yayana ya riga ni komawa, ranar Talata da hantsi, a Wurno, cikin gidan da uwarmu ta haife mu. Mu bakwai ne, shi na fari, ni auta, yau ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ɗiyata ta fari ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Mutane sun zo. Tabarmi sunka ƙare har anka aro na masallaci. Ɗalibansa na dā sunka taho da motoci daga garuruwa masu nisa, manyan mutane da furfura, suna kuka ba su jin kunya. Wata cikinsu mai tabarau ta shigo wajenmu mata, ta durƙusa gabana ta ce, "Gwaggo, shekara da shekaru ya yi yana koya mana halittun da ido ba ya gani, da abin da ke cin su, bai taɓa ɗaga mana murya ba." Manoman albasa na Goronyo sunka ce in ya tsuguna bakin fadamarka sai ka gaji da tambaya. Matarsa kuwa da ta ga tukunya kan murhu sai ta ce, "To yanzu wa zai dame ni da tafasa ruwa?" Ta fashe da kuka.

Ɗan kawunmu, abokin wasansa tun suna yara, shi ya sa zauren makoki dariya. Yayana yana da wata kalma da duk Wurno ta san shi da ita. Ko mi ka tambaye shi, in bai tabbata ba, sai ya ce, "Ban sani ba tukuna." Ɗan kawun nan ya share ido ya ce, "Mutum ya ƙare karatun duniya, kullum bai sani ba tukuna. To yau kam ya sani, ya bar mu nan da tukuna." Har liman ya yi murmushi kafin ya ce a yi salati.

Amma akwai wata tsohuwa da ta zauna can jikin rumbu, ƙwarya rufe da faifai a gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba. Saboda ita na ce a kawo takarda. Ɗalibansa suna da littattafansa. Abin da ke cikin ƙwaryar nan ba ya cikin littafi, in ban faɗa ba zai bi ni kabari.

To, ku saurara.

Shekarun baya, bayan yayana ya aje aiki ya dawo gida, wata Bafulatana ta zo unguwarmu daga wajen Shinaka. Ɓarayin daji sun kore musu garke, mijinta bai tsira ba. Ta iso da saniya biyu da ɗiyarta mai tsohon ciki, ko ludayi ba su ɗauko ba. Yayana ya ba su bukkar da ke bayan gidanmu. Muna kiranta Baƙuwa, har yau wasu haka suke kiranta.

Mu matan unguwa kusan kowa na da 'yar saniya ko biyu a turke, muna yin nono muna dama fura. Yadda ake yi, kowa ya sani: ka dafa madara, ta huce, ka ɗiga ɗan tsohon nono na jiya, wanda muke cewa iri, ka rufe. Da safe ya kama, ya yi kauri. Irin gidanmu daga uwarmu Inna na gaje shi, ita kuma daga tata uwar a garin Rara. Duk unguwar kusan shi ne, don ni na rarraba.

Baƙuwa ba ta da ƙwarya, sai ta riƙa ara. Yau gidana, gobe gidan maƙwabciya, jibi gidan matar mai unguwa. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa maido ƙwarya wayam ba. Kullum da nononta a ciki na godiya, mai kauri, mai daɗi. Mu sha, mu ɗauraye da ruwan randa, mu kife. Don a wajenmu ƙwaryar nono ba ta ganin ruwan zafi. Iyayenmu sun ce zafi na kore albarkarta.

Sai nono ya fara ƙin kamawa.

Nawa ya fara. Na buɗe faifai da safe na tarar da ruwa tsararo, ba tsami, sai wani ƙarni. Na ce ko madarar ce. Washegari haka. Sai na maƙwabciya. Sai na matar mai unguwa. Na ba su iri, sunka ba ni iri, duk ɗaya. Gida bayan gida, kuma ba sai an yi dogon tunani ba: duk gidan da Baƙuwa ta ari ƙwarya, nan nono ya mutu. Gidan da ba ta shiga ba, lafiya lau. Nata kuwa, a bukkarta, kullum yana kamawa har ludayi ya tsaya a ciki.

Kun san abin da anka ce. Ido. Baki. Daga nan anka kai ga babbar kalmar da ba na son maimaitawa. Wata ta ce yau nono ne, gobe jarirai. Mata sunka haɗu sunka ce a je wajen mai unguwa a ce ta tashi kafin kasuwa ta zagayo. Ɗiyarta na gab da haihuwa, hanyar Shinaka ba ta biyuwa, ba su da kowa a ko'ina.

Zan faɗi gaskiya tunda gawa ce ta tara mu. Ni na fara furta kalmar. Ni, da bakina, a bakin rijiya.

Da yayana ya ji, ya aiko a kira ni. Na same shi a inuwar darbejiya yana gyaran tabarau.

"Auta, an ce da ke a ciki."

"Yaya, ba an ce ba na. Ni ta gaba."

"Mi kika gani?"

"Irin Inna ya mutu, shi na gani. Shekara nawa shina hannuna bai taɓa ƙi ba sai da wagga mata ta zo? To kai mai ilimi, mi ya kashe shi?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna."

Ranar na gaya masa maganar da na riƙe tun ina yarinya. Na ce kai anka ɗauka anka kai makaranta, ni anka bar ni da mazari da ƙwarya, yanzu kuma ƙwaryar ma za ka koya mini? Na ce ka koma wajen ƙwarinka da ba a gani, ka bar mu da abin da muke gani. Na tashi na fita. Kwana biyu ban gaishe shi ba. Ni da ban taɓa karyawa ba sai na leƙa ɗakinsa.

Rana ta uku shi ya zo. Tsoho da sanda, ya yi sallama a ƙofar ƙanwarsa. Ya tarar ina kaɗi, don ni in raina ya ɓaci auduga ke sha. Ya zauna kan turmi ya ce, "Ban zo koya miki ƙwarya ba. Aron zare na zo yi."

Ya ɗauki dunƙulen zarena ya aza a tafin hannu.

"In an warware wanga, zai kai ina?"

"Zai wuce masallaci."

"Amma ga shi cikin hannu ɗaya. Mi ya sa bai sarƙe ba?"

"Don ni na naɗe shi. Da kai ka naɗa da ya sarƙe."

Ya yi dariya. Ya ce to cikin irin nan na Inna akwai halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, ɗigo ɗaya ya fi mutanen kasuwar Goronyo yawa. Su ke shan zaƙin madara su mai da shi tsami, tsamin ke sa nono ya kama. Kowace ɗaya tana da zare a cikinta, wanda ya fi jikinta tsawo nesa ba kusa ba, an murɗe shi an naɗe, ga wasu 'yan abubuwa da ke riƙe da shi lanƙwasa lanƙwasa don kada ya sarƙe. A jikin zaren aka rubuta duk abin da halittar ta iya yi.

Na ce, "Rubutu? Su ma an sa su boko, ni anka bari?"

Ya ce, "Su ma ba duka suke karantawa ba, Auta." Ya ce akwai mai kwafa da ke bin zaren, amma sai inda aka buɗe masa. Wurin da aka rubuta yadda ake cin zaƙin madara, akwai mai gadi zaune a kansa. Muddin babu madara, yana nan zaune, mai kwafa ya zo ya koma. Ranar da zaƙin madara ya shigo, sai a taɓa mai gadin ya tashi, a kwafe wurin, aiki ya fara. Madara ta ƙare, ya dawo ya zauna.

Na aje mazari. Na ce, "Awa waƙar daka. Tana cikin kaina kullum, amma ba ta fitowa sai na ɗauki taɓarya."

Ya dube ni. Ya ce, "Shekara talatin ina neman yadda zan faɗa wa ɗalibai wannan." Ban san ko don ya lallashe ni ya faɗa ba. Amma na riƙe ta, ga ta har yau.

Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce halittun nan su ma suna da ciwonsu, wani abu da ya fi su ƙanƙanta, wanda shi ya ƙare rayuwarsa a kai. Abin nan ba shi da komai sai ɗan guntun zare cikin kwanso. Yakan manne a jikin halittar ya zura mata zarensa. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya ƙwace mai kwafa ya sa shi kwafar nasa kaɗai, har halittar ta cika da 'ya'yansa ta fashe. Ko kuma ya ƙulla zarensa a jikin nata, ya aza nasa mai gadin a kan kansa, ya kwanta. Ta haihu da shi, jikokinta su haihu da shi, ba wanda ya sani. Sai jefi jefi, in wuya ta kama wata cikinsu, mai gadin ya faɗi, abin ya farka ya fito.

"Ga inda nike so ki ji," ya ce. "Wadda ke ɗauke da mai barci, in ɗan'uwansa ya zo daga waje, ba ya iya cin ta, don mai gadin nan shi ma zai danne shi. Amma wadda ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, ba ta da mai gadi."

Kaina ba na boko ba ne, amma ba na dutse ba ne.

"Kana nufin irin Baƙuwa na ɗauke da shi. Nata ba ya ji. Na Inna bai san shi ba."

"Zato nike. Ba ni da madubin da ake ganin su da shi a nan, ban gani da idona ba. Amma in haka na, ba ta ido ya bi ba, ta ƙwarya ya bi. Ƙwarya na da ƙofofi ƙanana, ruwan randa ba ya fid da shi."

"To ai ita ta kawo ke nan."

"Awa yadda kika kawo mini mura bara. Na kai ki wajen mai unguwa?"

Na ɗauki mazarina na ci gaba da kaɗi.

Yayana bai tsaya gardama da kowa ba. Ya je wajen mai unguwa ya roƙi kwana biyu. Ya aika Rara wajen ɗiyar gwaggonmu aka kawo irin Inna wanda bai taɓa haɗuwa da ƙoren unguwarmu ba. Ya sa anka kawo ƙwarya uku. Ɗaya sabuwa fil daga kasuwa. Biyu cikin waɗanda Baƙuwa ta taɓa ara, duka nawa. Ta farko cikinsu anka ɗauraye da ruwan randa yadda munka saba. Ta biyu ya ce a tsoma ta cikin tukunya a tafasa.

Nan mata sunka yi ca. Maƙwabciyata ta ce, "Malam, ƙwaryar nono za ka dahwa? Nama ta?" Ya ce, "In albarka ta gudu, Hajiya, ni zan bi ta in maido." Matar mai unguwa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin namiji ya shiga sha'anin ƙwarya ya fita da mutunci ba. Ya ce ai shi ya sa ya jira sai da ya tsufa.

Bayan la'asar anka dafa madara ɗaya, tukunya ɗaya. Sai ya ce a kira Baƙuwa. Ta iso, ta ɗauka ranar tashi ce ta zo. Ya ce, "Baiwar Allah, ke za ki zuba. Duka ukun. Ki kalle su da kyau, ki taɓa su, ki sa iri da hannunki." Ya juyo gare mu ya ce, "In ido na, ido ɗaya ya kalli ukun, gobe duk su lalace. In sun lalace, ni da kaina zan ce ban sani ba, ku yi yadda kunka ga dama."

Ta zuba madara, ta sa iri a duka ukun. Ba ta ɗaga kai ba. Anka rufe da faifai uku, anka sa a ɗakinsa, matar mai unguwa ta kulle ta ɗaure makulli a haɓar zaninta.

Da safe tsakar gidan nan ba wurin aza ƙafa. Matar mai unguwa ta buɗe da kanta. Sabuwar ƙwarya: ya kama. Wadda anka tafasa: ya kama, ta tsaida ludayi ya tsaya. Wadda anka ɗauraye da ruwan randa: ruwa tsararo.

Sai maƙwabciyata ta ce, "To ko idon nata na zaɓe na?" Wata ta tuntsire da dariya, dariyar ta bi kowa, har ita mai maganar. Yayana bai yi dariya ba. Ya ce sau ɗaya ba ya isa, a sake. Anka sake, anka kuma sakewa, har mata sunka ce sun yarda don Allah ya bar su su yi aikinsu. Duk sau ukun abu ɗaya.

Ba a ƙara zancen tashi ba. Kwana tara bayan haka ɗiyar Baƙuwa ta haihu a bukkar nan, mace, kuma matar mai unguwa ce ta yanke cibi. Unguwa ta koyi tafasa ƙwarya da ludayi da maburgi. Da yawa sunka koma karɓar iri wajen Baƙuwa, don nata ba ya jin komai. Ni na riƙe na Inna, ƙwaryarsa daban, ludayinsa daban, yana nan da rai.

Haka yayana yake. In yaro ya kawo masa ƙwaro a ganye, zai aje abinci ya duba. Bai iya cin tuwo da zafi ba, amma komai nasa sai an tafasa. Bai taɓa cewa mata jahilai ne ba. Ya ce mun ga daidai, gida bayan gida, ba mu yi kuskuren gani ba, sunan abin kawai munka ɓata. Bai kuma taɓa tuna mini abin da na faɗa a bakin rijiya ba, sai sau ɗaya.

Cikin ciwonsa na ƙarshe ne. Na kai masa fura da rana, ya sha kaɗan ya ce, "Na wa na?" Na ce na Inna. Ya ce ya ji. Sai ya ce, "Auta, kin taɓa gaya mata?"

Na san wa yake nufi. Shekarun nan duka muna gaisawa da ita, muna zuwa suna da biki, amma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba, ki yafe mini. Na ce, "Yaya, tukuna." Ya yi murmushi ya ce, "Wagga kalma tawa ta. Nemi taki."

Bai kai mako ba.

To, ranar addu'ar uku, da mutane sunka rage, na tashi da gwiwoyin nan nawa na je jikin rumbu inda Baƙuwa take zaune. Kwana uku tana zuwa da ƙwarya, nononta anka dama wa masu makoki, manyan ɗaliban nan sun sha ba su san mi suke sha ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce, "Ni ce na fara faɗa. A bakin rijiya."

Ta ce, "Na sani. Ina bayan katanga ranar, ina jiran ku gama in ɗebi ruwa."

Na ce, "Shekara nawa kin sani ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Malam ya ce in bar ki, za ki zo. Na ce yaushe? Ya ce bai sani ba tukuna."

Nan kukan da ban yi ba ranar Talata ya zo. Ita ma. Munka yi shi tare, tsofaffi biyu jikin rumbu. Da munka gama ta ce ta yafe tun ranar da jikarta ta faɗo duniya a ƙarƙashin rufinmu. Ta turo mini ƙwaryar da ke gabanta. Na duba bakinta na ga ɗinkin da na yi mata da hannuna. Tawa ce, wadda anka tafasa. Yayana ya ba ta bayan gwajin, ni ban ma tambaya ba.

"Na maido," ta ce. "Ba wayam ba."

Na ɗaga faifai. Ya kama, fari tas.

Ta ce, "Amma in kin sha, ki tafasa ta."

Allah, ga bawanka nan ya zo. Bai yi ƙarya don a ce ya sani ba, kuma bai bari an kori marar gata a kan zato ba. Ka yalwata masa inda ya kwanta, Ka haɗa shi da uwarmu, Ka sanar da shi duk abin da ya ce tukuna. Na gode maka da Ka sa ni ƙanwarsa.

Ƙwaryar tana kan murhu yanzu haka. Ɗiyata, aje alƙalamin, ki duba ko ta tafasa.